Tsoho da Abincinsa: Yadda Za a Kiyaye Haɗiya da Ƙarfin Jiki

Wannan ɗan littafi domin ku ne, ku da kuke da tsoho ko tsohuwa a gida. Wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran, musamman mata da 'yan mata, gama su ne suke dama kunu, su ne kuma suke ba da shi.

Wata shekara, bayan ɗaukewar damina, aka kawo mana wani dattijo a amalanken jaki. Shekarunsa sun haura 70. Duk rayuwarsa noman auduga da dawa ya yi a hawasha. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, aka ba shi magani, zazzaɓi ya tafi, amma shi bai tashi ba. Mako uku yana kan angarib.

Na tambayi 'yarsa abin da yake ci. Ta ce, "Sista, shayi da kunu tsararo, su kaɗai suke wuce masa." Na ce yaya take ba shi? Ta ce, "A kwance. Ina tallafe kansa, in ɗura masa a hankali." Na ce yana tashi kuwa? Ta ce, "A'a, mun ce Baba ya huta, ya sha wahala a duniya."

Yarinyar nan ba ta yi sakaci ba. Dare da rana tana wurin mahaifinta. Amma abu uku da ta yi don ƙauna, wato kwanciya, da kunu tsararo, da ɗura, su ne suka kusa kashe shi. Kunun yana bin hanyar numfashi, ya sauka cikin huhu. Zazzaɓin da ya dawo masa na ciwon huhu ne.

Haɗiya aikin tsoka ce

A cikin wuya akwai hanya biyu. Ta gaba ita ce hanyar iska, tana zuwa huhu. Ta baya ita ce hanyar abinci, tana zuwa ciki. A sama, wajen tushen harshe, hanyoyin nan biyu a haɗe suke. Duk lokacin da mutum ya haɗiye loma, harshe yakan tura ta baya, maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya na ɗan lokaci, loma ta wuce. Ku ɗora yatsa a kan maƙogwaronku ku haɗiye miyau, za ku ji shi ya hau ya sauka.

Tsoka fiye da 30 suke wannan aiki tare. Idan sun yi rauni, murfin yakan makara. Ruwa kuwa ba ya jira. Shi ya sa tsoho ya fi ƙwarewa da ruwa da shayi fiye da abu mai kauri.

Tsokar wuya 'yar'uwar tsokar cinya ce. Abin da ya ramar da ƙafa, shi yake ramar da harshe da maƙogwaro. Tun daga shekara 30 tsokar mutum take raguwa kaɗan-kaɗan, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, bayan shekara 60 kuma raguwar takan ƙara sauri. Wani likita a Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya ba wannan zubewar tsoka suna a 1989, ya kira ta sakofeniya.

Kwanciya tana gaggauta ta ƙwarai. A 2007 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka. An kwantar da tsofaffi masu cikakkiyar lafiya kwana 10 a kan gado, ana ba su abinci sosai. Da aka auna su, sai aka ga naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo ɗaya. Lafiyayyu ke nan masu ƙoshi. To, ina ga mara lafiya mai shan kunu tsararo?

Ga yadda abin yake zagayawa. Tsoho ya kwanta ciwo, ya rage ci. Tsoka ta zube. Haɗiya ta yi wuya, ya ƙara rage ci don tsoron ƙwarewa. Iyali su ƙara wa kunu ruwa. Ya ƙara ramewa. Daga nan sai ciwon huhu. Mutane su ce tsufa ne. Tsufa ba ta da magani, gaskiya ne, amma wannan zagaye ana iya tsinka shi, kuma a gida ake tsinka shi.

Alamun da za ku lura da su

Ku zauna kusa da tsohonku sa'ad da yake ci, ku duba, ku saurara.

1. Yana tari ko gyaran murya in yana ci ko sha, ko kuwa da ya gama.
2. Muryarsa takan jiƙe bayan ya sha ruwa, kamar mai kurkurar maƙogwaro.
3. Abinci yana maƙalewa a kumatu, ko miyau yana dalala.
4. Cin ɗan abinci yana ɗaukarsa fiye da rabin awa.
5. Ya daina cin abin da yake so a dā, kamar nama ko kisra.
6. Zazzaɓi da tari suna tafiya suna dawowa.

Ku sani, wasu tsofaffi abinci yana shiga huhunsu ba tare da tari ba ko kaɗan, musamman waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki. Kusan rabin masu wannan ciwo suna samun wahalar haɗiya a kwanakin farko. Ga irinsu, jiƙaƙƙiyar murya da zazzaɓi su ne shaida.

Akwai kuma awo uku da za ku iya yi ba tare da na'ura ba.

Na ɗaya, awon kujera. Tsoho ya zauna a kujera mai ƙarfi, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau 5, wani yana tsaye kusa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda bai gama cikin daƙiƙa 14 ba, a duba lafiyarsa.

Na biyu, awon sha-raɓa. Ku ari tef ɗin tela, ku auna inda ya fi kauri a bayan ƙwauri. In bai kai santimita 31 ba, tsoka ta ragu. In babu tef, tsohon ya zagaye wurin da manyan yatsunsa biyu da manuniya biyu. In yatsun suka haɗu har da sarari, alama ce ta rama. Likitocin Japan suke amfani da wannan dabara. Amma kumburin ƙafa yana ɓata awon.

Na uku, nauyi. Wanda ya rasa fiye da kilo 3 cikin wata uku ba da niyya ba, a kawo shi asibiti. In babu ma'auni, jallabiya da zobe za su gaya muku.

Zaman cin abinci

Kada a ba kowa abinci ko ruwa yana kwance. Wannan ita ce doka ta fari. A zaunar da shi tsaye sosai, a kujera ko a jingine shi da bango, a tokare bayansa da matashi. Bayan ya gama, ya ci gaba da zama rabin awa kafin ya kwanta.

Kada kansa ya karkata baya. In kai ya koma baya, hanyar iska takan buɗe. Haɓa ta ɗan sunkuyo wajen ƙirji. Saboda haka mai ba da abinci ya zauna daidai da shi, ko ƙasa da shi kaɗan. In kuka tsaya a kansa, dole ya ɗaga fuska. A ba shi ruwa a kofi mai faɗin baki wanda yake cike, don kada ya kafa kai. Kada ya sha daga bakin buta ko kwalba.

A yi amfani da ƙaramin cokalin shayi, a ajiye ludayi. Loma ɗaya, a jira maƙogwaro ya hau ya sauka, sa'an nan ta biyu. Kada a ja shi da hira loma tana baki. In yana gyangyaɗi, a bari sai ya farka sarai. Wanda yake iya riƙe cokali da kansa, a bar shi ya ci da kansa ko da zai ɓata riga.

Ɗura kuwa, a daina ta gaba ɗaya, ga tsoho da jariri duka.

Wani abu kuma game da siniya. Cin abinci tare al'ada ce mai kyau, amma tsoho mara haƙora ba ya iya tsere da samari. Kafin ya tauna loma biyu, nama ya ƙare, kunya kuwa ba za ta bar shi ya yi magana ba. Tsohuwa ma takan ɗauki rabonta ta miƙa wa jika. Ku zuba wa tsoho nasa a kwano dabam, amma ya zauna cikin mutane, gama cin abinci a kaɗaice yana kashe marmari.

Irin abincin da yake wucewa lafiya

Abincin da ya fi sauƙin haɗiya shi ne mai laushi, mai danshi, wanda yake haɗe jiki ɗaya. Tukunyarmu tana da irinsa da yawa. Miyar kuka da miyar kuɓewa, wadda ake kira waika a nan, suna da yauƙi mai sa loma ta sulale. Asida ko tuwo mai laushi, ƙaramar loma, a tsoma ta cikin miya sosai. Kisra a jiƙa ta da mulah har ta narke. Ful da adas da wake a dafa su lugub, a murje, a tace ɓawon da rariya, a zuba man riɗi ko man gyaɗa.

Ga waɗanda za a yi hankali da su:

- Agashe da kilishi, da duk busasshen nama mai garin yaji. Garin yakan tashi ya shiga hanyar iska.
- Soyayyar gyaɗa, da busasshen dabino, da gugguru.
- Kifi mai ƙaya. A tsince shi da hannu, cikin haske.
- Dakwa ita kaɗai, gama tana manne wa ganɗa. A dama ta cikin kunu ko miya.
- Abu mai ruwa da gudaji tare, kamar furar da ba a dama sosai ba, ko burodi yana yawo cikin shayi. Ruwan yakan riga gudajin wucewa.

Wanda yake ƙwarewa da ruwa, a gwada masa kunu ko madida mai ɗan kauri, wadda take zuba daga cokali a hankali kamar zuma. Amma kada a hana shi ruwa. A Jazira zafi yakan wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, tsoho kuwa ba ya jin ƙishi kamar yaro. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi dukan yini, yana zaune, bayan an wanke masa baki. In fitsarinsa ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai ishe shi ba. Ruwan tur'a da na kogi a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, saboda kwalara da sauran ciwon gudawa.

Abinci mai gina tsoka

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kunu da shayi suna ba da ɗan kuzari, amma ba su gina tsoka. Abin da yake gina ta shi ne furotin, wanda yake cikin wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi da nama. Mutane suna tsammani tsoho ba ya bukatarsa tun da ba ya noma. Ba haka ba ne. Jikin tsoho ba ya cin moriyar furotin kamar na saurayi, don haka bukatarsa ta fi yawa. Masana sun ce giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Tsoho mai kilo 50 yana bukatar giram 50 zuwa 60.

Ga lissafi mai sauƙi. Ƙwai ɗaya, giram 6. Babban kofin madara ko nono, giram 8. Babban cokalin dakwa, kusan giram 4. Kofin dafaffen wake ko ful, giram 13, na adas ya kai 18. Tsokar kifi mai girman tafin hannu, kusan giram 20.

Misalin yini ɗaya: da safe kunu da kofin madara da cokali biyu na dakwa. Da rana asida da kofin adas ko wake da aka murje. Da la'asar kofin nono. Da dare tuwo da miyar kuka da aka daka kifi a ciki, ko dafaffen ƙwai biyu da aka murje da mai. Wannan ya isa. A raba shi cikin yini, kada a tara a ci ɗaya. Mai ƙaramin ciki a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida.

Mun san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya tashi a watan Afrilu na 2023, gidaje da yawa daga Madani zuwa Sinnar da Singa sun yi gudun hijira, kaya sun yi tsada, nama ya gagari talaka. Amma wake da gyaɗa amfanin gonarmu ne. Mutanen Mai Wurno da sauran garuruwan bakin Bahar Azrak suna da kifi, busasshen kifi kuwa in an daka shi gari, an tankaɗe, yana ajiyuwa. Akuya ɗaya mai nono ko kaji uku masu ƙwai suna iya riƙe tsoho. A tafasa madara kafin a sha, a zubar da gyaɗar da ta yi funfuna.

Mai ciwon ƙoda mai tsanani kada ya ƙara furotin sai da izinin likita. Mai ciwon suga ya rage sukari a shayi da kunu, ya ƙara wake da ƙwai.

Wanke baki yana tsare huhu

Baki mai datti cike yake da ƙwayoyin cuta. In miyau ya zarce cikin huhu da dare, da su yake tafiya. A Japan an bi tsofaffi fiye da 400 a gidajen kula da tsofaffi 11, har shekara biyu. Cikin waɗanda ake goge wa baki bayan kowane cin abinci, 11 cikin 100 suka kamu da ciwon huhu. Cikin sauran kuwa, 19 cikin 100.

Saboda haka a goge haƙora da harshe da dasashi bayan ci, da kuma kafin barci. Aswaki mai laushin baki ya isa, ko buroshi. Mara haƙora a naɗa tsumma mai tsabta a yatsa, a jiƙa da ruwan gishiri kaɗan, a share masa baki, a duba kumatu ko abinci ya ɓuya. In kun ga farin abu kamar gasara a harshe, ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, ku kawo shi. Masu sa tumbak a leɓe su fi kowa lura, gama yana jawo ciwon dajin baki.

Tashi da motsi

Abinci shi kaɗai ba ya gina tsoka sai an motsa ta. Da zarar zazzaɓi ya sauka, a zaunar da mara lafiya a bakin gado. Kashegari ya tsaya, ana riƙe da shi. Bayan haka ya taka zuwa ƙofa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga motsi huɗu na kullum, safe da yamma:

1. Tashi da zama daga kujera ko angarib, sau 5, a ƙara har sau 10.
2. Ya dafa bango, ya ɗaga dugadugansa ya sauke, sau 10.
3. Ya ɗaga kwalbar ruwa ta lita ɗaya, wato kilo ɗaya, sau 10 kowane hannu.
4. Tafiya a tsakar gida ko zuwa maƙwabta, da sanda, da sanyin safiya ko yamma.

Domin baki da wuya kuma: ya danna harshe a ganɗa da ƙarfi, ya ƙirga biyar, sau 10. Ya nannaɗe tsumma kamar ƙwallo, ya sa a ƙarƙashin haɓa, ya danna shi wajen ƙirji, ya ƙirga biyar, sau 10, in dai ba shi da ciwon wuya. Ya faɗi "pa, ta, ka, ra" da ƙarfi. Hira da karatu a bayyane su ma motsi ne ga harshe. In ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya gaza, a tsaya.

Kada ku ƙwace wa tsofaffi ƙananan ayyukansu. Ɓarar gyaɗa, tsince wake, tufkar igiya, ba awaki ciyawa, zuwa wurin ibada da ƙafa, duk magani ne.

In abinci ya shaƙe shi

In yana iya tari, a bar shi ya yi tari, kada a ba shi ruwa. In ba ya iya tari ko magana, a sunkuyar da shi gaba, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fita ba, a tsaya bayansa, a dunƙule hannu a ɗan sama da cibiya, a fizga ciki da sama sau 5. A yi ta maimaitawa. Kada a zura yatsa cikin maƙogwaro a kan abin da ba a gani.

Lokacin zuwa asibiti

Ku kawo shi ba tare da jinkiri ba in kun ga zazzaɓi da saurin numfashi, ko sabon ruɗewa, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko ya kasa haɗiye ko da ruwa. Tarin da ya wuce mako biyu tare da rama, a gwada tarin fuka. Ku zo da dukan magungunan da yake sha, gama wasu suna busar da baki, wasu suna sa barci. Kada ku daka ƙwayar magani sai kun tambaya.

In abinci yana tsayawa a ƙirji, da fari nama da kisra, daga baya har kunu, mutum yana ramewa, wannan wani abu ne dabam. Yana iya zama ciwon daji na hanyar abinci, wanda ake yawan gani a Sudan. Yana bukatar babban asibiti, kamar na Madani ko Sinnar ko Damazin. Kada a ɓata lokaci wajen wanzami. Cire beli da tsaga da ƙuna ba su gyara haɗiya, sai dai su ƙara zubar jini da ciwo.

Akwai kuma lokacin da kwana ya ƙarato, tsoho ya kau da kai daga abinci ko an yi yaya. A nan kada a tilasta masa. A jiƙa masa leɓe, a share masa baki, a zauna kusa da shi. Wannan ba gazawarku ba ce.

Dattijon nan da na ba ku labari ya sha maganin ciwon huhu. 'Yarsa ta koyi zaunar da shi, ta koma dama masa kunu mai kauri da madara da dakwa. Jikansa ya ɗauki aikin ƙirga masa tashi da zama. Ranar farko sau biyu kawai ya iya, da taimako. Bayan wata biyu ya zo mana da ƙafarsa, yana dogara sanda, yana ƙarar cewa yaron nan ba ya barinsa ya huta.

Yau in an kawo abincin dare, ku zauna kusa da tsohonku, ku duba yadda yake ci. In kun ga ɗaya daga cikin alamun nan, ku zo ku gaya mana ranar asibiti. Allah ya ba iyayenmu lafiya da tsufa mai kyau.